Ƙafar Hagun Maƙerin Dare

Matakala ɗari da sittin ce daga silima zuwa gidana,
ina hutawa bayan kowace ashirin.
Valparaiso ta kunna fitilunta can ƙasa,
jiragen ruwa sun yi lamo kamar shanun da suka ƙoshi.
Jikata Ximena tana gaba, tana tsalle,
tana dukan iska da gudumar da babu.

Kashi na uku ke nan.
Na farko na yafe musu.
Na biyu na ce ƙila tuntuɓe ne.
Yau kam magana ta fito fili:
sun gyara masa ƙafa.

Shekara hamsin da ɗaya ina bin Maƙerin Dare,
tun ina kai wa mahaifina abinci bakin tashar jirgi,
in ɓoye kuɗin mota, in taka a ƙasa,
don ran Alhamis in tsaya gaban rumfar Don Evaristo
in karɓi sabuwar fitowa, tawada ba ta gama bushewa ba.
Takardar arha ce, tana barin baƙi a yatsa,
ja yakan tsallake layi ya shiga idon mutum.
Amma gurgu ne, gwanin nawa.
Yana jan ƙafar hagu daga shafi zuwa shafi,
ya isa fagen fama a makare,
wata rana ma an riga an binne wanda ya zo ceto.

Wannan na jikin bango bai san makara ba.
Ƙirji kamar ƙofar banki.
Ya rushe rabin gari don ya ciro mutum guda,
sannan ya juyo ya yi mana barkwanci.
Sun kashe shi a kashi na biyu, muka sha kuka,
yau ya miƙe tun gugguru bai huce ba.
Mutuwar da ake dawowa daga gare ta
ai gyangyaɗi ce.

Ba su san inda labarin yake kwana ba.
Tsakanin zane da zane akwai siririn fari,
rata ce da ba ta kai faɗin farce ba.
Nan an ɗaga guduma,
can mugu yana kwance.
Wa ya kai bugun? Ni.
Ni na ba shi murya, muryar kawuna Baltasar
wanda igiyar jirgi ta cinye wa gwiwa.
Yanzu sun cike ratar da wuta da ƙara,
ba su bar mini ko wurin ajiye hula ba.

Sai dai ba zan ci amanar gaskiya ba.
Da ya durƙusa a maƙerarsa da ta ƙone
ya tsinci awartaki cikin toka,
maƙogwarona ya toshe.
Daƙiƙa biyar, ba ƙari.
Akwai wani cikinsu da ya karanta fitowa ta arba'in da bakwai,
ya kuma yi rigima a ɗakin taro saboda daƙiƙun nan.
Ko wane ne shi, ina gaisuwa.

Ximena ta tsaya a matakalar ƙarshe, tana haki.
"Kaka, ya fi na baya, ko?"
Na buɗe baki zan rushe mata shi,
sai na ji Don Evaristo cikin kunnena
yana cewa mai zanen farko ya fi,
mu yara ba mu san komai ba.

Na ce, "Jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado."
Warin tsohuwar takarda ya cika ɗakin,
asu ya ɗan ci gefe.
Ta zauna dirshan, ta buɗe, ta yi tsit.
Can ta ɗago kai:
"Me ya sa yake ɗingishi?"
Na ce, "Juya shafi."

An ce na huɗu yana tafe baɗi.
Na rantse ba zan je ba.
Farashin tsofaffi kawai na tambaya a bakin taga,
don sani.